Idon Sawun Tela

Cikin kalmomin da Bahaushe ke kai kukan ciwo da su, babu wadda aka ɗora wa kaya kamar "sanyi". Gwiwa ta yi tsami, sanyi ne. Baya ya riƙe, sanyi ne. Fitsari na zafi, shi ma sanyi ne. A shirin lafiya da nake gabatarwa duk daren Laraba a wani gidan radiyo mai zaman kansa nan Damagaram, da wuya mu rufe layi ba a ambaci sanyi sau biyar ko shida ba, kuma kowane mai kira da abin da yake nufi. Likitan da na gayyato sai ya yi ta lalube: ina ne ke ciwo, tun yaushe, da safe ya fi ko da marece, ka taɓa faɗuwa? Sau da yawa kuɗin wayar mai kira kan ƙare kafin a kai ga tambayar ƙarshe, alhali ita ce babba in dai ciwon a idon sawu yake.

Kalmar tana da wata illa kuma. Wanda ya ce sanyi ya shige shi ya ɗauki ciwon baƙo ne da ya zo daga waje, wanda za a kora da turare ko tsimi, ko a zuƙe shi da ƙaho. Shi ya sa kowa ke neman maganin da zai fitar da shi. To amma akwai ciwon gaɓa da babu abin fitarwa a cikinsa, domin wani abu ne da Allah ya sa a wurin ya cinye. Irinsa ne ke idon sawun yayana na dama, kuma shekara uku ke nan gidanmu na juya maganarsa.

Yaya tela ne, shagonsa na bakin Kasuwar Dole, shekarunsa 44. A 2009 babur ya kayar da shi a hanyar Mirya, ƙafar ta karye daidai ƙashin nan da ya turo ta gefen waje. Marigayi Baba ya kai shi wajen maɗori, kamar yadda kowane uba a unguwarmu zai yi a lokacin, kuma da yawa har gobe. Aka ja, aka murza, aka jera kara aka ɗaure, aka yi tofi. Bayan wata biyu ya taka, bayan uku ya koma kan keke. Shekara goma babu wanda ya sake tuna zancen, sai dai in hunturu ya kama ya ce ƙafar tana gaishe shi. Daga baya gaisuwar ta zama ta kullum. In ya sauko daga gado, takun farko kamar ya taka ƙaya. In ya ɗan zagaya tsakar gida sai ta saki. Kafin magariba ta kumbura har igiyar takalmi ta bar shaida. Ɗingishin ya shigo a hankali, mu da muke ganinsa kullum ba mu lura ba sai da baƙi suka fara tambaya.

A nan Nijar hoton ƙashi "radiyo" muke ce masa, don haka ranar da likitan ƙashi ya ce a je a yi radiyo, Yaya ya dube ni ya ce, "To Auta, ga aikinki ya zo." Aikina ya zo ɗin kuwa, ta wata hanya: likitan mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, sai na zama tafinta tsakaninsu, abin da nake yi kowace safiya da labaran da ke zo mana da Faransanci. An ɗauki hoton Yaya na tsaye, nauyinsa bisa ƙafar, don in an ɗauka a kwance gaɓar kan buɗe ta ɓoye ɓarnar.

Ga abin da na juya masa. Ƙasusuwa biyu ne suka sauko daga gwiwa, babba na ƙwabri da siriri na gefensa. A ƙasa sun buɗe baki kamar awartakin maƙeri, sun riƙe wani dunƙulallen ƙashi da ke zaune bisa dunduniya. Duk inda suka haɗu a shafe yake da guringuntsi mai santsi. Kaurinsa a idon sawu bai kai milimita 2 ba, na gwiwa ya fi shi nesa ba kusa ba, amma in mutum na tafiya nauyin da ke sauka a kansa kan kai ninki 4 zuwa 5 na nauyin jiki. Abin da ke sa wannan siririn shafi ya kai mutum tsufa bai cinye ba shi ne zaman ƙasusuwan daram, kowane lungu na ɗaukar rabonsa. A 1976 likitoci biyu, Ramsey da Hamilton, suka auna abin a ƙafafun gawa: in ƙashin tsakiya ya goce gefe da milimita 1 kacal, filin da ƙasusuwan ke haɗuwa yana raguwa da kashi 42 cikin 100. Nauyin bai ragu ba, wurin ɗaukarsa ne ya tsuke. Na Yaya, sirirn ƙashin ya haɗe da ɗan gajarta da ɗan karkata, awartakin ya saki, na tsakiya ya zame.

Yaya ya ce, "Milimita ɗaya? Ai ko a wuyan riga ba na ƙirga ta." Likita ya yi dariya ya ce wuyan riga ba ya ɗaukar kilo 90 sau dubbai a yini. Sannan ya nuna mana hoton lafiyayyar ƙafar: baƙin layi siriri tsakanin fararen ƙasusuwa, shi ne gurbin guringuntsi. A ta dama layin ya ɓace ta gefe guda, fari ya haɗu da fari.

A nan idon sawu ya rabu da gwiwa da ƙugu. Su galibi shekaru da ƙiba ke cinye su. Shi kuwa, tsakanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na masu wannan ciwo tsohon rauni ne sila, ko karaya, ko targaɗe da ya yi ta maimaituwa har jijiyoyin da ke ɗaure gaɓar suka saki. Cikin ragowar akwai masu amosanin da garkuwar jiki ke cin gaɓɓai, da masu ciwon gawut, da waɗanda ƙwayar cuta ta shiga gaɓar, har da ta tarin fuka. Waɗannan maganinsu daban ne, shi ya sa aka ɗebi jinin Yaya kafin a ce komai. Wani bincike na ƙasar Suwizalan ya gano cewa tsakanin karaya da lalacewar gaɓar gaba ɗaya, matsakaicin lokaci ya kai kusan shekara 20. Wa zai haɗa ciwon yau da faɗuwar da ya yi yana saurayi? Kuma tun da samari ne ke faɗuwa, ciwon yana riskar su suna tsakiyar ciyar da gida. Duk sa'ad da na tsaya a mahaɗar hanya na ga ƴan kabu-kabu na gilmawa da silifas, nakan yi wannan lissafi ba da son raina ba.

Ba na cikin masu zagin maɗora a radiyo. Gadon gidaje ne, suna kusa da mutane, ba su tambayar kuɗi kafin su taɓa ka, kuma karaya da yawa na tsakiyar ƙashi suna haɗewa a hannunsu, don ƙashi abu ne mai son haɗewa. Maɗorin Yaya ya yi abin da hannu zai iya. Matsalar ita ce babu hannun da ke jin milimita ɗaya ta cikin kumburi. Karayar da ta shiga gaɓa aikin hoto ce, sau da yawa kuma aikin faranti da ƙusa ne. Da a ce kowane sarkin ɗori zai riƙa cewa "wannan ta ido ce, je ku ɗauko hoto tukuna", da an rage masu ɗingishin shekara ashirin masu zuwa, kuma babu abin da zai ragu daga martabarsa.

Jimlar da ta fi mini wuyar faɗa wa Yaya gajeriya ce: guringuntsin da ya cinye ba ya tohowa. Babu jijiyar jini a cikinsa, ba shi da hanyar gyara kansa kamar fata ko ƙashi. Babu ƙwaya ko sassaƙe ko allurar da aka tabbatar tana mayar da shi. Wannan jimla tana karo da abin da ke fita daga akwatunan radiyon garin nan kowace safiya. Ƙananan gidajen radiyo da talla suke rayuwa, masu maganin gargajiya kuwa suna cikin waɗanda ke biya a kan kari. Sai ka ji an sayi rabin awa ana rantsuwa cewa gora ɗaya tana wanke sanyin ƙashi cikin kwana bakwai, tare da basir da shawara da raunin maza, sannan da dare likita ya zo tashar ya ce ba haka ba ne. Mai sauraro a Magarya ko Tanut murya biyu ya ji daga akwati ɗaya, kuma mai gorar ya fi iya magana. Abin da ya fi ban tsoro, akan sami irin waɗannan haɗe-haɗe da aka daka ƙwayar bature a ciki, musamman dekisametazon, wadda ƴan mata ke sha don ƙiba. Ita kam tana kwantar da ciwo nan take, shi ya sa ake yabon gorar. Bayan watanni sai fuska ta cika, sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi laushi.

Rashin tohowar ba ya nufin babu abin yi. Akwai da yawa, sai dai duk lallashi ne. Yaya ya fara da ƙwayoyin da kowa ya sani, parasetamol, sannan ibuprofen da diklofenak, waɗanda ke rage zafi da kumburi. Suna aiki, babu musu. Inda abin ya so ya ɓaci shi ne azumi. Watan azumi shi ne kakar tela: ɗinki ya taru har rufi, ana kwana kan keke, mata na tsaye a bakin shago suna ƙirga kwanaki. A waɗancan shekarun kuma azumi ya riƙa faɗowa cikin bazara. Sai ya zama yana haɗiyar diklofenak biyu da sahur, wani lokaci bisa shayi kawai, ya yini cikin zafin Damagaram babu ɗigon ruwa, ya ƙara biyu da buɗa baki. Wannan magani yana cin bangon ciki har ya kawo gyambo, kuma yana rage jinin da ke zuwa ƙoda. Jikin da ya bushe da ƙishi shi ya fi cutuwa. Matarsa ce ta lura da yawan fankon kwali a aljihun rigunan da take wankewa. Gwajin ƙoda ya nuna ta fara gajiya, amma an tare da wuri. Likita ya mayar da shi kan na shafawa, ya ce na haɗiya sai ranar da ta ɓaci, bayan abinci, na ƴan kwanaki, da maganin kare ciki. Tramol kuwa, wanda masu yawo da magani a faifai ke miƙa wa duk mai aikin ƙarfi, ya ce ko da wasa. Wannan ba sai likita ya faɗa ba, mun ga abin da ya mayar da yaran unguwa.

Abubuwan da suka fi taimakonsa ba su da kwarjini ko kaɗan. Ya bar silifas ya koma takalmi rufaffe mai taurin ƙasa, wanda gindinsa ya ɗan lanƙwasa kamar cikin kwale-kwale, ta yadda takalmin ke mirginawa a madadin gaɓar. Wani baduku ne ya ƙara masa tafin bisa zanen da likita ya yi a bayan takardar magani. Ya sami maɗaurin idon sawu mai igiya. Masu gashi, waɗanda muke ce wa kine, suka koya masa motsa ƙafar da ƙarfafa naman sha-raɓa. Ya rage tuwon dare da sukarin shayi har ya sauke kilo 7, kuma in ka tuna da ninki biyar ɗin nan za ka ga ba ƙaramin sauƙi ba ne ga gaɓar. Sanda ce ya ƙi. An ce ya riƙe ta a hannun hagu, wato kishiyar ƙafar mai ciwo, ya ce shi da ƙannen matarsa ba su fara riƙe sanda ba ba zai riga su ba. Tana nan bayan ƙofar shago, ana sauko da yadi da ita daga kanta ta sama.

Ƙaho ma an yi, Inna ce ta aiko wanzami. Ya ce ya ji daɗi kwana biyu. Ban yi gardama ba, sai dai na roƙi kada a yi tsaga a kan gaɓar kanta, don fatar wurin siririya ce, kuma in ranar aiki ta zo likita zai so ya same ta lafiya.

Sai allura. Ana zuba kortizon kai tsaye cikin gaɓar, ta kwantar da kumburi. Ta farko ta ba Yaya kusan wata uku na sauƙi, ya yi ɗinkin Salla kamar saurayi. Ta biyu ba ta kai wata ɗaya ba. Haka halinta yake, kuma ba a son a wuce uku ko huɗu a shekara, ga mai ciwon sukari kuma tana tayar da shi na ƴan kwanaki. Wani ɗan uwanmu da ke aiki a waje ya yi ta turo saƙo a WhatsApp game da wata allurar zamani, wadda ake ɗibar jinin mutum a tace a mayar masa a gaɓa, ya ce ƴan ƙwallo ita suke yi. Na bi diddigi. A ƙasar Holan an gwada ta a kan mutum 100 masu irin ciwon Yaya: rabi aka yi musu ita, rabi ruwan gishiri, babu wanda ya san wadda ya samu. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna bayan wata shida babu bambanci. Na tura wa ɗan uwan namu wannan, bai amsa ba, amma ya daina turowa.

Bara ne muka kai inda lallashi ya ƙare. Ciwon ya fara tayar da shi cikin dare, kuma tafiya daga gida zuwa masallacin Juma'a ta koma sai an goya shi a babur. Likita ya jera mana abin da wuƙa ke iya yi. Akwai shiga da ɗan madubi ta ƙananan huda a kankare tsiron ƙashi da ke tokare gaɓar ta gaba. Wannan na masu ciwon farko-farko ne. Akwai yanke ƙashin ƙwabri sama da ido a miƙe karkatar, nauyi ya koma gefen da guringuntsi ya rage; da an zo shekara biyar baya, in ji shi, da wannan zai zaɓa. Yanzu saura biyu.

Na farko, kalmar da likita ya yi amfani da ita in an juya ta kai tsaye tana nufin a kulle gaɓar. Da na ce wa Yaya za a kulle masa ƙafa, da ya ɗauki hularsa. Sai na faɗa masa da harshen sana'arsa: za a kankare ragowar guringuntsin, a haɗa ƙasusuwan fuska da fuska, a ɗinke su da ƙusa biyu ko uku masu murɗi, su manne su zama ƙashi ɗaya kamar karayar da ta warke. Gogayya ce ke kawo ciwon. In babu motsi babu gogayya. Tsohon aiki ne. Wani likita mai suna Eduard Albert ya fara shi tun wajen 1880 a kan yaran da ƙafafunsu suka shanye, kuma a 1951 John Charnley na Ingila ya nuna cewa matse ƙasusuwan da ƙarfi na sa su saurin mannewa. Kusan mutum 9 cikin 10 nasu na mannewa. Wanda ya rage, galibi mai shan taba ne ko mai sukarin da ba a kula da shi ba, sai an sake. Mako shida babu taka ƙasa, sannan wasu shida cikin filasta ko takalmin asibiti. Farashinsa na nesa shi ne ƙananan gaɓɓan da ke ƙasa da gaban idon sawu za su ɗauki aikin da ba nasu ba, kuma bayan shekaru masu yawa su ma sukan fara cinyewa.

Na biyu shi ne a cire gaɓar a sa ta ƙarfe da roba, motsi ya tsira. Likitoci biyu na Faransa, Lord da Marotte, suka fara gwadawa a 1970, da gaɓar ƙugu da suka juya kai ƙasa, kuma bai yi kyau ba. Na yanzu sun fi na da nesa, amma har yau ba su kai na ƙugu da gwiwa ƙarko ba. A Birtaniya an yi babban gwaji a asibitoci 17, mutum 303, aka raba su da ƙuri'a tsakanin ɗinkewa da sabuwar gaɓa. Sakamakon 2022 ya nuna bayan shekara guda duka ɓangarorin sun sami sauƙi sosai, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a ce wannan ya kayar da wancan ba.

Na karanta wannan gwaji da kyau, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekarun mutanen: daga 50 zuwa 85. Yaya bai kai ƙaraminsu ba. Roba tana cinyewa, ƙarfe yana saki daga ƙashi, kuma mai shekara 44 da ke taka rairayi da duwatsun Birni zai cinye tasa tun yana da sauran ƙarfi. Baturen da tasa ta saki, motar asibiti ce tsakaninsa da wanda ya sa masa. Likitanmu ya ce shi ba ya wannan aiki, sai an fita waje, irin su Tunisiya ko Indiya. A ce dangi sun haɗa kuɗin zuwa na farko, wa zai haɗa na biyu in ta saki, ko in ƙwayar cuta ta shiga? Mun ga yadda hanya ke rufewa dare ɗaya. Daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ko asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, wanda ya fi mana Yamai kusa sau uku da wani abu, sai da ya zama kamar bayan teku. Ɗinkewa kuwa ana yin ta a ƙasar nan, kuma in ta manne ta manne ke nan. Ra'ayina a fili yake, na kuma faɗa masa: a ɗinke.

Faɗa da baki ne mai sauƙi, ƙafar ba tawa ba ce. Motsin da za a kashe shi ne na sama da ƙasa, kuma shi ne ainihin motsin da ke juya keken ɗinki. Shekara 30 ke nan wannan idon sawu yana lilo bisa feda ta tsohuwar Butterfly ɗinsa. Shi ne kuma motsin taka birkin baya na babur. Wanda aka ɗinke wa gaɓa yana tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa har ba ka ganewa, don tsakiyar ƙafa na ba da ɗan lanƙwasa. Amma gudu ya ƙare, gangare da matakala sai a hankali, tsuguno kuwa sai dunduniya ta ɗaga. Littattafan da ke bayanin wannan aiki an rubuta su ne don masu zama a kujera tun daga ɗaki har ban ɗaki. Mu rayuwarmu a ƙasa take: masai na tsuguno, alwala a tsugune, cin tuwo a tabarma, gaida manya a durƙushe, zaman makoki. Sai salla. Tambayar farko da Yaya ya yi, kafin ta kuɗi, ita ce ko zai iya kafa ƙafar dama a zaman tahiya. Likita ya ce yatsu za su lanƙwasa, sujada za ta yiwu, amma shimfiɗa bayan ƙafar a ƙasa ba zai yiwu ba. Limamin unguwarmu ya ce masa addini ya yi rangwame ga wanda bai iya ba, ya zauna yadda ya sawwaƙa. Yaya ya san da haka tun yana makarantar allo. Abin da ke damunsa shi ne ya ga kansa a kujerar roba a ƙarshen sahu tare da sa'o'in Baba.

Na tuna masa cewa yanzu ma ba ya tsugunawa, ba ya kafa ƙafar, kuma da hagu yake taka keke tun bara. Da likita ya auna, motsin da ya rage a gaɓar bai taka kara ya karya ba. Ciwon ya riga ya kulle ta, da zafi a kai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Auta, wanda ya kulle da kansa ana sa ran ya buɗe."

Maganar keke ta fi sauƙin warwarewa a takarda. Ana ɗaura wa keken ƙafa ɗan inji, a taka maɓallinsa da hagu. Amma inji wuta yake ci, kuma duk telan garin nan ya san dalilin da ya sa bai sayar da keken ƙafarsa ba. Watannin da aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya, masu keken ƙafa ne suka ci kasuwa. Don haka lissafin aikin ya haɗa da inji da faifan sola da batir, ban da kuɗin asibiti, ban da wata uku na cefanen gida mai mutum tara. Ni da ƙanensa da ke Agadas mun ɗauki na asibiti. Babban yaron shagonsa zai riƙe keke, shi kuma ya yi yanka a zaune da ƙafa bisa matashi, tun da almakashi ne ke riƙe masu kawo ɗinki. Lokacin da ya dace shi ne bayan Babbar Salla, sa'ad da aiki ke kwantawa, don ya miƙe kafin ɗinkin ƴan makaranta na Oktoba da bukukuwan kaka.

Inna ce ta rage. A wajenta duk wanda aka shiga da shi ɗakin aiki saboda ƙafa, da guntuwa yake fitowa, kuma tana da sunayen mutum biyu da take kafa hujja da su, ko da yake dukansu ciwon sukari ne ya ci su. Ta ce ba za ta sa albarka ba sai ta ga wanda aka yi wa da idonta. Likita ya nemi iznin wani da ya yi wa aikin shekara huɗu baya, direban babbar mota, ya yarda ya zo har gida. Inna ta sa aka shimfiɗa masa tabarma, ta lura da yadda ya zauna. Bayan an gaisa ta ce, "Ɗana, cire takalmin ka taka in gani." Ya taka zuwa bakin rijiya ya dawo. Ta ce ya tsuguna. Ya dafa bango ya tsuguna, dunduniya a sama. Ta tambaye shi ko yana jin ƙarfen in hunturu ya yi, ya ce a'a. Ko yana barci, ya ce sai an tashe shi. Ba ta ce komai ba, ta sa aka kawo masa fura. Washegari ta aiko a tambayi ranar da aka sa, don ta san yaushe za a fara sauke Alƙur'ani.

Sharaɗi ɗaya likita ya kafa: ba zai taɓa ƙafar ba sai Yaya ya yi aƙalla mako shida babu taba, kuma ba zai koma mata ba har ƙashin ya manne. Matarsa ta ce yau kwanansa 19. Yaran shago sun ce 12.